Yatsun Dogo

Sannunku da jimirin bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min cewa in ji tsoron Allah, wai mace mai hankali ba ta kishi a gefen gadon asibiti. 'Yar'uwa, na gode da nasiha. Amma ki bari ki ji na yau tukuna, in ya so sai ki zage ni da hujja.

Ga wanda yanzu ya shigo cikinmu: ni tela ce, ina da kekuna biyu a ɗan shagon da ke ƙasan benenmu. Dogo shi ne wanda zan aura, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. An riga an sa mana rana, har na ɗinka labulen ɗakinmu da hannuna, ruwan toka mai siririn ratsin fari, don ya ce shi ba ya son ɗaki mai hayaniyar kala. Wata safiya yana kan babur da kayan aikinsa ɗaure a baya, mota ta fito daga kwana ta kwashe shi. Kansa ne ya bugu da bakin kwalbati. Tun daga ranar yake kwance a ɗakin kulawa ta musamman, inji ne ke hura masa numfashi ta wani bututu da aka zura masa a baki.

Sai kuma ita. 'Yar ƙanwar Ummansa ce, a gidansu ta tashi tun tana ƙarama. Ni na raɗa mata 'Yar Gida, domin ba ta iya magana biyu ba ta ce "mu 'yan gida" ba. Dogo ya sha rantse min cewa ƙanwa ya ɗauke ta, kuma na yarda da shi. Ita ce ban taɓa yarda da ita ba. Ni dai ban taɓa ganin ƙanwar da ke sauya mayafi don yayanta zai shigo shan ruwa ba.

Ranar da zan ba ku labarinta, da waya abin ya fara. Tun da ya kwanta, kullum da safe sai na tura masa saƙo, ko da na san wayar a kashe take. Alama ɗaya ce ke fitowa, ta tsaya nan shiru. Ran nan na rubuta masa, "Dogona, na gama labule, saura kai. Ka tashi ka ga ko ratsin ya yi maka yawa." Na ajiye wayar a kan keke, na ci gaba da kafa hannun wata riga. Da na sake dubawa sai na ga alama biyu. Ina kallo suka koma shuɗi.

Wallahi sai da allura ta shige min yatsa. Na miƙe tsaye ina cewa ya farka, ya farka. Ban kai bakin ƙofar shago ba hankalina ya dawo jikina, na tuna wayar tasa a jakar 'Yar Gida take. Ta sa mata caji ke nan, ta kunna, ta zauna ta karanta sirrina.

Da yamma ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, Mama ta turo ƙofa ta tsaya tana min kallon sama da ƙasa.

"Yau ma can za ki?"

"Can za ni, Mama."

"Da wannan rigar? Asibiti za ki ko gidan biki?"

Doguwar rigata ce ruwan zuma, mai aikin zare a wuya, wadda ya ce in na sa ta ba ya iya kirga canji daidai. Na kuma fesa turaren da ya saya min har sau uku.

"Shi da idonsa ke rufe, wa zai gani?" in ji Mama.

Na gyara ɗaurin ɗankwalina. A raina na ce akwai mai gani, kuma don ita na sa.

Mama ta zauna a bakin gado, ta sassauta murya, wadda ta fi faɗan nata ciwo. "Ke ba matarsa ba, ke ba 'yar'uwarsa ba. Kullum kina raɓe a ƙofar mutane ana miki kallon hadarin kaji. Ba na ce ki manta da shi ba, yaron kirki ne. Amma ki riƙa tuna kina da gobe. Mai Kemis jiya ma sai da ya tsayar da ni yana tambayarki."

Mai Kemis shi ne mai shagon magani na bakin layinmu. Ya nemi aurena kafin Dogo, na ce a'a, ya ce ba komai. Tun ranar hatsarin kuwa kullum sai ya turo min "Allah ya ba shi lafiya", da hoton jan fure a ƙasa. Ku gaya min, wane irin jaje ake yi da jan fure?

"Mama, mutumin nan fa yana numfashi."

"Inji ke numfashi," ta ce, sai kuma ta kama bakinta. Na ɗauki jakata na fita ban waiwayo ba.

A ƙofar ɗakin kulawar sai ka cire takalmi, ka wanke hannu, a zura maka wata shuɗiyar riga kamar buhu. Duk kwalliyar tawa ta shige ciki, ƙafafuna kaɗai suka rage a waje. Mutum biyu ake bari su shiga a lokaci ɗaya, amma Sistar da ke tsaron ƙofa ta san labarina, tana ɗaga min ƙafa in zama ta uku.

Yana nan yadda na bar shi jiya. Tafin ƙafarsa na taɓa ƙarfen gado don tsayi, gemu ya tofo masa, an shafa masa wani mai a fatar ido. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka daidai da hucin injin. In ba don bututun ba, sai ka ce barcin rana yake yi bayan ya sha aiki.

Umma na kan kujerar roba can jikin bango, carbi a hannu. Tun ranar farko da gefen mayafinta ya maƙale a wata waya, na'ura ta ɗauki kuka, ma'aikata suka shigo a guje, ba ta ƙara yarda ta matso kusa da gadon ba. Gani take in ta taɓa shi za ta ɓata wani abu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ka.

Ni kuma wurina ɗaya ne kullum: wajen kansa, daidai kunnensa na dama, hannuwana a naɗe cikin shuɗiyar rigar. Magana kawai nake masa a hankali. Ban taɓa kai hannu jikinsa ba. Ta yaya? Uwarsa na zaune tana kallo, ni ba a ɗaura ba, sai in kama hannun ɗanta? Ai kunya ba za ta bar ni ba.

'Yar Gida kuwa ba ta da wannan matsalar. Ƙanwa ce ai.

"A'a, amarya, kin iso?" ta ce, tana murmushin da bai kai ido ba. Ta buɗe jaka ta fito da kwalbar man shafawa mai ƙamshin lemo. "Fatarsa bushewa take yi, sai mu 'yan gida mun kula."

Ta lakato man, ta ɗauki hannunsa na hagu ta ɗora a nata, ta shiga murza tafin da babban yatsanta, daga tsakiya zuwa gindin yatsu. Na san abin da zai biyo baya, don na sha gani, amma kullum sabo yake zame min. Yatsun nan nasa dogaye masu tabon ƙuna suka fara lanƙwasowa ɗaya bayan ɗaya, har suka rufe a kan nata.

"Umma! Kin gani? Ya riƙe ni."

"Allahu akbar," in ji Umma, tana jan carbi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta zagayo ta gabana, sai da na ja da baya, ta zura hannu ƙarƙashin ƙeyarsa wai za ta juya masa matashi. Tana ɗago kan, haɓarsa ta sunkuyo wajen ƙirji, sai hannuwansa biyu suka taso daga kan katifa. A hankali suka taso, gwiwar hannu na lanƙwashewa, suka zo saitin ƙirjinsa dab da fuskarta, suka ɗan tsaya, sannan suka koma suka kwanta.

Umma ta fashe da kuka. "Ke kaɗai yake ji, 'yar nan. Ke kaɗai. In Allah ya tashe shi, na san maganar da zan yi da shi."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka, kuma rashin kallon ya fi kallon.

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba. A lokacin ban ji daɗin ya motsa ba. Kishi na ji, tsantsarsa, mai ɗaci har a harshe. Ni da nake zuba masa zance a kunne har muryata ta dishe, ko gira bai taɓa ɗaga min ba. Ita daga taɓawa sai runguma. Na riƙa tambayar kaina: ashe abin da ke can ƙasan zuciyarsa ke nan, da yana da baki yake ɓoye min? An ce kishi kumallon mata, to nawa ya taso har wuya. Na ce zan sha iska, na fice.

A baranda na tarar da Babban Yaya, wan Dogo, ya jingina da taga yana kallon motocin da ke ƙasa. Shi ne ya taɓa gutsura min abin da aka tattauna ranar da likitoci suka tara iyali, taron da aka ce na 'yan gida ne kawai, aka bar ni a kan benci. Sun ce sun gwada, sun sake gwadawa, ƙwaƙwalwar ta riga ta mutu, suna neman a yarda su cire injin. Umma ta ce gawa ba ta riƙe hannu, kada wanda ya ƙara kawo mata zancen. Tun daga nan maganar ta tsaya. Ni ma a ɓangaren Umma nake, don ban shirya jin wani abu daban ba.

Ina tsaye sai ga likitar da ke duba shi ta fito daga wani ɗaki, wata 'yar gajeruwa mai gilashi, tana cin biskit a tsaye. Na bi ta har bakin matattakala.

"Likita, don Allah tambaya gare ni."

"Ke wace ce tasa?"

"Ni zai aura."

Ta mayar da biskit ɗin aljihu. Na so in tambaye ta ko zai tashi. Wallahi abin da na yi niyya ke nan. Amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Me ya sa yake motsa wa waccan, ni ba ya motsa min?"

Ta daɗe tana kallona ta saman gilashi. "Ita me take masa?"

"Tana shafa masa mai a hannu. Tana gyara masa matashi."

"Ke fa?"

"Magana nake masa a kunne."

"Zo mu zauna," ta ce. Muka zauna a kan matakala kamar 'yan makaranta. "Kunne sai da ƙwaƙwalwa yake aiki, ita kuma tasa ta tafi, ba ta dawowa. Ba ya jin ki, ba ya jin ta. Amma akwai laka a cikin ƙashin baya, ita tana da nata ƙananan hanyoyin da ba sa neman izinin kai. Tunda inji na ba jiki iska, zuciya na bugawa, lakar na nan da ɗan ranta. In aka murza tafin hannu, yatsu kan iya rufewa. In aka sosa tafin ƙafa, ƙafar kan janye. In aka lanƙwasa wuya, wani lokaci hannuwa kan taso har ƙirji. Ba kowa ke yi ba, amma muna gani. Har ma'aikatanmu sababbi yana firgita su."

"To ba ita yake nufi ba?"

"Ba ya nufin kowa, ƙanwata. Kin ga fanka in an ɗauke wuta, takan ɗan ci gaba da juyawa? Shi ke nan. Na yi wa mahaifiyarsa wannan bayanin, amma uwa ce, abin da idonta ya gani ya fi mata abin da na faɗa. Ba na son in matsa mata."

Ta dafa kafaɗata ta tashi. Ku ji wani abin kunya: an gaya min mutumin da zan aura ya mutu, amma abu na farko da ya sauka a ƙirjina sanyi ne. Ba ita yake nufi ba. Sai daga baya sauran maganar ta biyo, ta danne ni a kan matakalar.

Can na miƙe, na goge fuska na koma ciki da niyyar in yi shiru. Na rantse muku da niyyar shiru na koma. Na ce Umma ta riƙe abin da take riƙe da shi, ba ni zan ƙwace mata ba. Na tsaya a wurina na kullum.

Sai 'Yar Gida ta matso kusa da ni, kamar za ta gyara bargo, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Na ga saƙonki na safe. Na labule." Ta ɗan karkata kai cikin tausayi. "Har na karanta masa. Bai motsa ba."

Ban san lokacin da hannuna ya fito daga cikin rigar ba. Na zagaya gadon, na kama hannun Dogo a gaban uwarsa. Ɗumi gare shi, jama'a, ɗumi kamar na kowa. Na sa babban yatsana a tsakiyar tafin, na murza zuwa gindin yatsu yadda na ga tana yi. Yatsun suka taho ɗaya bayan ɗaya suka rufe a kan nawa.

"Alhamdulillahi!" Umma ta miƙe tsaye. "Ya fara gane mutane. Kin gani, ita ma ya riƙe ta."

Da a nan na tsaya, da an tashi kunnen doki, kowa ya tafi gida da nasa. Umma ma har ta kalle ni da fuskar da na daɗe ban gani ba. Amma 'Yar Gida ta taɓe baki.

"Ai don na riga na tashe shi ne, Umma. Muryata ya ji. Da can da take ta surutu a kunnensa, me ya yi mata?"

Na zare hannuna. Na ɗauki kwalbar man nata daga kan bargo, na kwantar da ita a tafinsa, na danna gindinta na ja zuwa sama. Yatsun suka lanƙwaso, da irin wannan natsuwar, suka rufe a kan kwalbar.

"Ga shi nan," na ce, muryata har tana amsawa a ɗakin. "Ya riƙe kwalba. Ita ma muryarta ya ji? Ita ma sonta yake yi? Laka ce, likita ta faɗa! Ko tsintsiya kika sa masa haka zai yi. Ba ke yake riƙewa ba, ba kowa yake riƙewa ba!"

Injin kaɗai ke ta hucinsa. Ni da 'Yar Gida nake, ita na auna, sai da na juyo na ga inda jifar ta sauka.

Umma ta tako a hankali, ta riƙe gefen mayafinta da hannu ɗaya kada ya taɓa waya. Ta tsaya tana kallon hannun ɗanta riƙe da kwalbar mai. Ta kama kwalbar ta ja, yatsun suka sake ta ba gardama, suka zauna a buɗe. Sai ta ɗora tafinta a goshinsa, karo na farko tun ranar da na'ura ta yi mata kuka, ta shafa gashinsa zuwa baya kamar mai shirya yaro zuwa makaranta.

"Ashe ka tafi ba ka yi min sallama ba," ta ce. Ta juya wajen Sista. "Kira min yayansa. A gaya wa likita na ji."

'Yar Gida ta sulale ƙasa a jikin gadon. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zage ni. Ɗago ido kawai ta yi ta ce, "Da kin bar mana shi ko zuwa gobe."

Sista ta kama hannuna ta fitar da ni, ta ce yanzu kam sai 'yan gida. Na koma kan bencina. Wayata ta yi ƙara, na duba: Mai Kemis, da furensa. Na kife ta a cinya.

Na kai tafina hanci ina neman ƙamshin Dogo, sai na ji lemo. Man 'Yar Gida ne. Sau ɗaya tak ya riƙe hannuna a ɗakin nan, kuma a lokacin na riga na san ba shi ba ne. Ita kuwa ta yi kwana da kwanaki yana riƙe ta tana yarda, tana komawa gida da hannunta a ƙirji. Ƙarya ce, na sani, ni na tona ta. Amma ita ta ɗanɗana, ni ban ɗanɗana ba. To baiwar Allah mai nasiha, ga amsarki: a kan bencin nan, mutumina na shirin barin duniya gaba ɗaya, ni kishinta nake yi har lokacin, kuma ya fi na da.

Ƙofa ta buɗe. Babban Yaya ne, idanunsa jawur.

"Ƙanwata, taso. Umma na kiranki."

"Ni? Yaya, ai an ce 'yan gida."

"Likita ta ce in an cire injin, hannuwansa za su iya tasowa kamar ɗazu. Umma ta ce ba za ta iya gani ba, waccan kuma ko tsayuwa ta kasa." Ya dube ni. "Ta ce ke da kika san ba shi ba ne, ke za ki riƙe su."

Ya riƙe min ƙofar a buɗe. Na tashi na je wajen famfo na fara wanke hannu.